Sirdin Roba Ne Ya Ci Bayan Dokina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Ina da ingarma bidi ɗan shekara shida, shekararsa biyu a hannuna, ban taɓa ganin ko ƙurji a bayansa ba. Bayan ƙaramar Sallah wani abokina da ya dawo daga Ingila ya yi mini tsarabar sirdin roba, irin mara nauyin nan da ake wankewa da ruwa. Na ji daɗinsa, na ajiye tsohon nawa na fata, kullum da la'asar da shi nake fita kilisa. Da aka yi kamar mako uku sai na lura da kumburi a tudun kafaɗarsa, can sama daidai inda geza ta ƙare. Yaron barga ya ce robar ce take dafa masa baya, ya ƙara kafu biyu, shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin sirdi, ya sa soso a tsakani, muka ci gaba da hawa. Yanzu wurin ya fashe, miki ne ya kusa faɗin tafin hannun yaro, yana ta ruwa. An shafa masa baƙin mai. Dokin da ko ƙaramin yaro ke ɗaura wa sirdi, yau in ya hango an ɗauko shi sai ya kwantar da kunne ya kai cizo. Abokan hawana sun rabu biyu. Wasu sun ce in jefar da na robar in koma wa fata, wasu sun ce su shekara da shekaru da roba suke hawa ba abin da ya taɓa samun dawakinsu. Saura mako uku babbar Sallah, ga shi ina cikin tawagar hakiminmu. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. Wanne ya fi, fata ko roba? Kuma zan iya hawansa ranar Sallah?

Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba shi lafiya. Kafin mu shiga gardamar fata da roba, yau ɗin nan ka je bargar da ƙafarka, kada ka aika. Ka ɗauke sirdin robar, ka haɗa da tsohon na fatar, ka kulle su a ɗaki ka sa mukulli a aljihu. Na san halin barga: kana juya baya wani zai ce bari a ɗan motsa masa jini, ya ɗora masa sirdi. Babu abin da zai sake hawa bayan dokin nan sai fata ta haɗe.

Ita wannan gardamar ta masu doki, na ji ta har na haddace, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Masu fata suna cewa sirdin fata na ƙwarai, irin ɗinkin garin Walsall na Ingila ko na Ajantina da 'yan ƙwallon dawaki ke hawa da shi a Kaduna da Katsina da Kano, yana iya kai shekara talatin in ana kula da shi, har ɗa ya gada. Kullum ƙara laushi yake yi, yana ɗaukar siffar mazaunin mai shi, in ɗinki ya saki kuma ka kai wa baduku ya mayar. Duk haka ne. Abin da ba sa faɗa shi ne wahalarsa a ƙasarmu. Hunturu ya busar da ita ta tsattsage, damina ta zo fumfuna ta rufe ta cikin mako guda, ɓera kuma ya fi kowa son fatar da aka shafa wa man gyaɗa. Mutum nawa ne a cikinmu ke goge gumi daga sirdi bayan kowane hawa? A yawancin bargogin da nake shiga, a ƙusa nake tarar da shi, ya yi tauri kamar ƙirgin da aka manta a rana.

Masu roba su kuma suna cewa ba nauyi, ba tsada kamar na fata mai kyau, ruwan sama bai dame shi ba, in ya yi datti ka sa ruwa da ɗan sabulu ka wanke. Shi ma haka ne. Kuma ba sabon abu ba ne kamar yadda ake ɗauka a nan: tun 1986 kamfanin Bates na birnin Perth a Ostireliya ya fito da Wintec, Thorowgood na Ingila ma sun daɗe suna yi, makarantun koyon hawa a Turai da masu doguwar tsere sun rungume shi tuntuni. Nasa aibin, rana ce ke lalata shi. Ka bar shi a tsakar gida wata da watanni, fuskarsa za ta fara ɓarewa, in ta ɓare kuwa ba ta ɗinkuwa kamar fata. Igiyoyin da ake ɗaura majayi a jiki, wato ɗamarar da ke zagaye cikin doki, sukan tsage daga ramin ƙulli, don haka a riƙa duba su kafin kowane hawa. Ba ya kai shekarun na fata, in ka tashi sayarwa kuma ba ya kuɗi. Kada a kuskura a shafa masa mai, ba ya sha, ƙura kawai zai tara.

Batun nauyi da ake ta yayatawa, ni bai cika burge ni ba. Tsakanin sirdin Turawa na roba da na fata, bambancin bai wuce kilo biyu ko uku ba. Dokinmu na gida da yawa kilo 300 ne zuwa 350, kuma ma'aunin da masana ke bi shi ne kada kayan da ke bayansa, da mahayi da sirdi gaba ɗaya, su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. Ka ga kilo 60 zuwa 70 ke nan. Sai ka ga bawan Allah mai kilo 95 yana alfahari da cewa ya sayi sirdi mara nauyi don tausayin dokinsa. In tausayi ake so, a fara daga kwanon tuwo.

Ni kaina ina da duka biyun. Na roba nake fita da shi da damina, shi nake ba yara masu koyo. Na fata nake hawa in zan daɗe a kai. Ban taɓa ganin bayan dokin da ya san bambancinsu ba.

Ita kuma maganar yaron bargarka cewa roba ce ta dafa masa baya, ka tambaye shi abu ɗaya: ina robar ta taɓa fatar dokin? Sirdi a kan kafu yake zama. Kafun ne ke manne da jiki, shi ke shan gumi, shi ke riƙe zafi ko ya sake shi. Da zafin roba ne ya ƙone shi, da duk inda sirdin ya rufe ya salaɓe, dama da hagu, gaba da baya. Amma ka ce wuri ɗaya ne, can saman tudun kafaɗa. Zafi ba ya zaɓen wuri ɗaya haka, dannewa ce ke zaɓa. An bar jaki ana dukan taiki.

Wurin da miki ya fito shi ke tona asirin sirdi. In ya fito a gefe biyu, ƙasa kaɗan da tudun, to ƙashin sirdin, wato ƙwarangwal mai tauri da ke cikinsa, ya yi wa dokin ƙunci, yana matse shi kamar awartaki. In ya fito a can baya wajen ƙugu, sirdin ya yi tsawo, ya wuce haƙarƙari na ƙarshe, na goma sha takwas, ya hau inda babu ƙashin da zai tallafi nauyi. In kuwa a kan tudun ne kamar naka, sirdin ya yi masa faɗi, ya zurma, bakan gabansa yana zaune a kan ƙashi. Ban yi mamaki ba. Sirdin da aka saya a Ingila, galibi an yi shi ne don dawakinsu masu baya kamar tebur. Namu sirara ne, tudunsu a tsaye, naman gefensa kaɗan. Da abokinka na fata ya kawo maka mai wannan faɗin, ko na naira miliyan nawa ne, da yau wannan wasiƙar ka rubuto mini, sai dai a ce fata ce ta ci shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na yi faɗa a kansa: ƙarin shimfiɗa. An ga kumburi, a ƙara kafu. Kumburi ya fashe, a ƙara bargo. Miki ya yi zurfi, a yanko soson katifa. Wannan ita ce karatun da kowane yaron barga ya gada, kuma na rantse ta kashe bayan dawaki fiye da duk wani sirdin banza da ya taɓa shigowa ƙasar nan.

Hankalin da ke bayanta mai sauƙi ne, shi ya sa take da wuyar kankarewa. Mutum yana ganin abu mai tauri yana cin jiki, to a sa abu mai laushi a tsakani. A kan gado haka ne. A ƙarƙashin sirdi lissafin daban yake. Ka juya sirdinka ka duba cikinsa. Za ka ga zubka biyu, dama da hagu, da kwararo a tsakaninsu tun daga gaba har baya. Ba don ado aka bar kwararon nan ba. An bar shi don nauyin mahayi ya sauka a kan naman da ke gefen ƙashin baya, shi kuwa ƙashin kada komai ya taɓa shi. Ko sirdinmu na gargajiya mai doguwar kwacciya, da iyayenmu suka yi yaƙi da fatauci a kansa, a kan wannan hikimar aka gina shi. To kai da ka jibga kafu uku da soso, me ka yi? Ka cike kwararon. Ka ɗaure majayi, sirdi ya danna shimfiɗar ƙasa, ta miƙe ta ɗame a kan tudun kamar fatar ganga. Nauyin da aka yi dabarar kauce wa ƙashi da shi, ka mayar da shi kan ƙashin da hannunka, kuma daidai kan ciwon.

In sirdin mai ƙunci ne, abin ya fi muni. Takalmi ya matse ka, sai ka ce bari ka sa safa uku don ka ji sauƙi? Wa ya taɓa yin haka? Amma shi ne muke yi wa doki kullum, don shi ba ya magana. In mai faɗi ne irin naka, kamar wanda takalmi ya yi wa yawa ne ya cusa tsumma. Zuwa masallacin unguwa zai kai shi. Ya ce zai ci kasuwar ƙauye da shi a ƙafa, kafin azahar ya yi bororo.

Shi soson katifa kuwa ban san wanda ya fara kawo shi barga ba, Allah ya yafe masa. A hannu yana da kauri, yana da taushi, ka ce ka shimfiɗa wa doki gadon sarki. Mutum mai kilo 70 yana zama a kai sai ya koma kamar takarda, daidai wurin da ake buƙatarsa. Inda ba nauyi kuma ya tsaya da kaurinsa yana ɗaga sirdi. Ga shi yana shan gumi ba ya saki, iska ba ta ratsa shi. Ka ga in akwai abin da ya dafa bayan dokinka, shi ne, ba sirdin ba. Fatar da ta jiƙe ta yi laushi, a goga ta sau dubu a tafiyar awa ɗaya, me zai hana ta ɓarewa?

Sannan tulin shimfiɗa yana nesanta sirdi da jikin doki. Sai ya riƙa rawa, ka ji kamar kana zaune a kan buhun auduga, in ka taka likkafa ya karkato. Mene ne maganin yaron barga? Ya sa gwiwa a cikin doki ya ja majayi har sai ya yi nishi. Yanzu ciwo ya zama biyu: na baya yana nan, ga sabo a bayan hammata inda majayi ya yanka.

Akwai wata barga da aka taɓa kirana, ba zan faɗi gari ba. Akawal ne, baƙin doki kyakkyawa, mai shi ya ce yana ƙin tafiya, yana tsammanin sammu. Na ce a kwance sirdi a gabana. Na tsaya ina ƙirgawa. Kafu, bargo ninki biyu, soso, tsohuwar darduma, sai wani tsumma a can ƙasa da ya manne da jiki, sai da muka jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin ya saki. Warin ne ya fara isowa. Da ya ɗagu, rami ne da babban yatsana zai shige, tsutsa na motsi a ciki. Dokin nan yana tsaye, fatar bayansa kawai ke karkarwa. Mai shi ya riƙe baki, ya ce wallahi sirdi uku ya canza masa, kuma duk na fata ne, don an ce masa roba ba ta da kyau. Na auna su ukun. Duk faɗinsu ɗaya, kuma babu wanda ya dace da dokin. Wata huɗu muka yi muna jinya.

Kada wani ya ce na haramta kafu. Kafu ɗaya, mai tsabta, na auduga ko na ulu, aikinsa ya sha gumi ya kare sirdi daga datti. In za a ɗaura, a sa hannu a ɗaga tsakiyarsa ya shige cikin kwararon, kada ya kwanta a kan tudu. A riƙa wanke shi, don gumin da ya bushe ya zama gishiri kaifi gare shi. Kowane doki da nasa, saboda ta kafu makero ke zagaye barga. Na kuma yarda akwai lokacin da ake cike gibin sirdi mai ɗan faɗi da ƙyalle mai tauri, a gefe biyu kawai, a bar saman a buɗe. Amma wannan aikin wanda ya iya ne, a kan lafiyayyen baya, na ɗan lokaci kafin a sami sirdin da ya dace. Ba a yin sa a kan miki.

Wata maganar da ke tafiya tare da wannan ita ce wai a ci gaba da hawa, baya zai saba, in ya warke ya fito da farin gashi to ya nuna, ba zai sake ciwo ba. Subhanallahi. Farin gashin nan tabo ne. Dannewa ta hana jini zuwa wurin har ƙwayoyin da ke ba gashi launi suka mutu. Naka ma da wuya bai fito da shi ba in ya warke, kuma ba zai koma ba. Fatar tabo ta fi lafiyayya saurin fashewa. Duk dokin da ka gani a kasuwa da fararen tabo biyu a gefen tudu, tarihin sirdinsa ne a rubuce.

In ya warke, ga yadda za ka gwada kowane sirdi, na fata ko na roba. Ka tsayar da shi a wuri mai daidai, ka ɗora sirdin a kan baya tsirara, ba kafu ba majayi. Ka ɗora shi gaba kaɗan, ka zame shi baya har ya tsaya da kansa, kamar yatsa biyu ko uku a bayan allon kafaɗa. Yawancinmu a kan kafaɗar muke ɗaurawa, allon kuwa juyawa yake yi baya duk lokacin da doki ya miƙa ƙafa, sai ya riƙa karo da ƙashin sirdi. Ka sa yatsunka a tsaye tsakanin tudu da bakan sirdi, uku su shiga. Ka koma bayan dokin, da hattara, ka leƙa kwararon, ka hango haske ta gaba. Ka zura tafin hannu ƙarƙashin zubka ka bi ta tun daga gaba har baya, ka ji ko nauyin ɗaya ne, ko akwai inda ya cije da inda ya bar rami. Sannan a ɗaure, wani ya hau, ka sake sa yatsu. In biyu ba su shiga ba, sirdin nan ba nasa ba ne. Bayan hawa kuma ka duba gumi. In duk wurin ya jiƙe amma ga wani ɗan fili busasshe kamar tsibiri, nan ne ake dannewa, nan miki zai fito.

Ga albishir ɗaya game da tsarabar abokinka. Da yawa daga cikin sirdin roba na kamfani ana canza ƙarfen bakansu. In Wintec ne, ka ɗaga gabansa za ka ga kusoshi, ƙarfen kuma launi-launi ne: ruwan ɗorawa shi ne mafi ƙunci, sai kore, sai baƙi matsakaici, sai shuɗi, sai ja, sai fari mafi faɗi. Ba zan yi mamaki ba in ka buɗe ka tarar da ja ko shuɗi. Ka ga ke nan sirdin da ake cewa ka jefar, mai yiwuwa ƙaramin ƙarfe kawai yake nema, kuma wannan wata fa'ida ce da yawancin na fata ba su da ita. Sai dai ƙarfen gaba kawai yake gyarawa. In lanƙwasar sirdin daga gaba zuwa baya ba ta bi ta dokin ba, ba ƙarfen da zai cece shi.

Tsohon naka na fata ma kada ka ɗauka ya tsira don shekara biyu bai yi ciwo ba. Doki yana canzawa. Bayansa na kaka daban, na ƙarshen rani daban, wanda ya yi jinya mako shida kuma naman bayansa zai zube. A sake gwadawa. Ka kuma dafa gabansa a cinyarka ka jawo bayansa da hannu biyu. In ka ji ƙara ko ka ga mazauni ya tattare, ƙashin ciki ya karye, kuma karyayyen sirdi wuƙa ne. Wannan gwajin ya zama dole ga duk wanda zai sayi na hannu, ko sabo mai araha. Garin Kanpur na Indiya ya cika duniya da kayan doki, a can ana yin na ƙwarai ana yin na banza, kuma na banzan ma fata ce, da ƙamshinta da ƙyallinta, ƙashin ciki a karkace. Kalmar fata kaɗai ba ta sayen lafiyar doki. In za ka kasuwa, ko Kurmi ce a Kano ko wajen masu kawowa daga waje, ka sami waya mai kauri wadda ke lanƙwasuwa, ka kwantar da ita a bayan dokin daidai inda gaban sirdi ke zama, ta ɗauki siffarsa. Ka zana a kwali ka yanke, ka tafi da shi. Duk sirdin da kwalin bai zauna a bakansa daidai ba, ko kyauta ne ka bar shi.

Shi kuma ciwon. Baƙin man nan a wanke shi yau, da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi. Dattin inji ne, da gubar ƙarfe a ciki, yana cin naman da ke ƙoƙarin tsirowa, yana rufe ƙwayoyin cuta a ƙasa. Don ƙuda ba ya sauka a kai ba shi ne ya zama magani ba. Haka garin batir, haka toka. A aske gashin da ke kewaye. Safe da yamma a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bi da aidin da aka tsarma da ruwa har ya yi kalar shayi mara kauri. A kare shi daga ƙuda, a hana shi birgima a cikin kashi. Ka kira likitan dabbobi na gaskiya ya gani da idonsa, ya yi masa allurar tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora, don a cikin dabbobin gida doki na cikin waɗanda ta fi saurin kamawa. In akwai busasshiyar fata mai tauri a tsakiyar mikin, sai an yanke ta kafin ya haɗe, kuma ba aikin aska a barga ba ne. In ka ga wurin ya ƙara kumbura, ya yi zafi, ruwa mai yauƙi ko mugunya na fita ta wani ɗan rami, to ya shiga ciki. Irin wannan wani lokaci ƙwayar cutar da ke sa shanu ɓari ce a ciki, kuma tana kama mutum, don haka kada a taɓa da hannu tsirara.

Na san kuma kafin Sallah wani zai zo maka da jaka a rataye, ya ce akwai allurar da in an yi masa zai yi hawa lafiya lau. Waɗannan mutanen, da Sallah ta matso sai su fito kamar cinnaka. Ba su san nauyin doki ba, ba su san adadin magani ba, allura ɗaya suke yi wa barga guda. Abin da ke cikin kwalbar ko mai kashe zafi ne, ko mai saukar da kumburi irin su dexamethasone. Na farko yana rufe wa doki baki ne kawai, ya yi yini ana niƙa masa ciwo bai sani ba, in aka yawaita kuma ya ci masa ciki da ƙoda. Na biyun yana hana miki haɗewa, yana iya jawo ciwon kofato da zai gurgunta shi. Kai ka yi hawan awa huɗu an yi maka hoto, shi ya biya da wata huɗu a turke. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ga raƙumin da wahala ta rame shi, cewa ya yi a ji tsoron Allah a kan dabbobin nan da ba sa magana, a hau su suna da lafiya. Naka ma ai ya yi maganar iyakar iyawarsa. Kwantar da kunnen nan da cizon, ba mugun hali ya koya ba. Kada a dake shi a kai.

Zancen hawan Sallah, a'a, ba da wannan dokin ba. Miki mai wannan faɗin a kan tudu, ko komai ya tafi daidai, mako huɗu zuwa shida yake nema kafin fata ta rufe, sannan a ƙara masa kamar mako biyu sabuwar fatar ta yi ƙwari, a dawo da hawa kaɗan-kaɗan, minti goma sha biyar a rana ta farko. Hawan Sallah kuwa ka fi ni sani: tun hantsi ake ɗaure sirdi, ga jalala, ga nauyin kayan ado, ga tsayuwar jira a rana, washegari kuma a sake. Ka je ka gaya wa hakimi tun yanzu, masu sarauta sun san doki, zai fahimta. Ka nemi aro ko haya tun kafin farashi ya tashi, kuma shi ma na aron ka gwada masa sirdi a baya tsirara kafin ranar. A bar bidi a riƙa jansa da ragama safe da yamma don kada ƙafa ta yi masa nauyi, a rage masa hatsi tunda ba aiki yake yi ba, a ƙara masa ciyawa da harawa. In ka buɗe gaban sirdin ka ga launin ƙarfen, ka rubuto mini tare da hoton kwalin da ka yanka, sai mu ga wanda za a saka masa.